Ƙullin da ke Wutsiyar Jirgi

Shekara da shekaru Gwaggon Wutsiya tana shiga jirgin sama kusan kullum, amma ƙafarta ba ta taɓa rabuwa da ƙasa ba. Shara take yi. In jirgi ya sauka, fasinjoji suka watse, sai ita da abokan aikinta su hau da tsintsiya da tsumma da injin zuƙar ƙura, su mai da shi fes kafin wasu su shigo su sake ɓata shi. Sunan kuwa ya samo asali ne daga taurin kanta. Ba ta yarda a ba ta gaba, wajen manyan kujerun masu hali. Ita dai a bar mata can baya, wutsiyar jirgin, inda banɗakuna suke da ɗan kicin ɗin ma'aikata. Ta ce masu kuɗi ba su iya ɓata wuri ba, jarida kawai suke yarwa, aikinsu ba daɗi.

In ka tambaye ta nisan wani gari, ba za ta ce maka kilomita kaza ba. Ita da ido da hanci take aunawa. Jirgin awa ɗaya ba ya barin komai sai 'yan kofuna da takardar biskit, ko kujerun ba su gama ɗumi ba. Na awa huɗu ko biyar, nan za ka fara ganin ɓarɓashin burodi da jaridu a tattake. Amma babban nan da ke sauka da hantsi daga wani birni na ƙetaren teku, mai tafiyar awa goma sha ɗaya ba tsayawa, kai, shi kam da an buɗe ƙofa za ka san mutum ɗari uku sun kwana a ɗaki ɗaya ba taga. Barguna a ƙasa, safa ƙafa ɗaya, cingam manne a ƙarƙashin teburi, kunzugun jariri an cusa a aljihun kujera saboda rashin tsoron Allah. Gwaggo takan tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, “Ɗan Adam bai iya riƙe mutuncinsa a zaune ya wuce awa shida. Daga nan kuma sai abin da hali ya yi.”

Duk da haka wannan jirgin ta fi so, kuma da dalili.

A wutsiyarsa, daf da ƙofar banɗaki, akwai wata 'yar durowa a ƙasa da ba mai buɗe ta sai masu shara. Ciki ake ajiye ledojin shara na ko-ta-kwana, a naɗe, an ɗaure su da igiya. Farkon zuwanta aikin, Gwaggo ta ɗebi na ɗiba, ta ƙara sababbi, ta ɗaure da ƙullin bakin buhu da ta koya wurin mahaifinta, wanda ya yi rayuwarsa yana sayar da hatsi. Jirgi ya tafi ya dawo. Ta buɗe durowa, sai ta tarar an kwance ƙullinta an yi wani, mai kunne biyu kamar na zomo, an cusa bakin igiyar ta ƙasa, an ja shi tamau.

“Wace ce wannan mai iyayi?” in ji Gwaggo. Ta kwance ta mai da nata.

Jirgi ya dawo, kunnen zomo ya dawo. Ta kwance. Ya sake dawowa. Wallahi da rigima abin ya fara, rigimar mutum biyu da ba su san fuskar juna ba, teku kuma yana tsakaninsu. Ba ta san ranar da rigimar ta koma gaisuwa ba. Ta dai wayi gari ta ga tana shiga jirgin, kafin ta kalli bargo ko kofi, durowar take fara buɗewa.

Dokar aikin ta hana a bar komai a cikin jirgi. Ko alewa, ko guntun takarda, in aka kama ka, aikinka ya ƙare. Saboda haka ƙullin nan shi ne duk maganar da aka yarje musu. Igiya in ta tsufa ɗayarsu ta sauya. Gwaggo ta taɓa sa gefen tsohon ɗankwalinta, waccan ta taɓa sa jan zaren ulu da aka kitsa gida uku. Daga yadda kunnuwan suke kwantawa Gwaggo ta gane bahaguwa ce, daga yadda take jan igiyar kuma ta san mai ƙarfin hannu ce. Ta raɗa mata suna Ƙawata ta Can.

Abokan aiki suka samu abin tsokana.

“Gwaggo, in fa namiji ne? Kin yi saurayi a ƙasar waje ba ki gaya wa Baba ba!”

“Ku tafi can, marasa kunya. Namiji ya iya ƙulli mai tsabta haka? Ku je ku ga yadda Babanku yake ɗaure buhun ƙusoshinsa.”

Baban da suke nufi mijinta ne, kafinta, mutum mai sanyin hali, wanda da yamma yakan zauna a ƙofar shagonsa yana jin labarin ƙullin kamar labarin 'yan'uwa. Shi ne ma yakan tambaye ta, “Yau ƙawar taki ta zo?”

Akwai kuma babban ma'aikacin jirgin, wanda ya yi furfura yana raba abinci a sama, Gwaggo tana ce masa Sarkin Tire. Shi yana zuwa birnin can duk mako, yana jin harshensu. Ta taɓa roƙonsa ya duba mata matar.

“Gwaggo, ai muna fita suke shiga,” ya ce. “Motarmu na jira, ƙeyarsu kawai nake gani, duk riga iri ɗaya. Wa zan tsayar in ce ke ce mai kunnen zomo? Sai su ce na taɓu.”

Shekarar da mijin nata ya rasu, Gwaggo ta daɗe ba ta zo aiki ba. Wadda aka sa a madadinta ba ruwanta da igiya, zuba ledojin kawai take yi ta rufe. Ranar da Gwaggo ta dawo, ta tarar da igiyar a yashe a gefe. Ta ɗauka ta yi ƙullin bakin buhu. Da jirgin ya dawo ta buɗe durowa, sai ga kunnen zomo har biyu, ɗaya a kan ɗaya, an ja su kamar za a tsinke igiyar. Mutane da yawa sun yi mata gaisuwar rasuwa, ta amsa da idonta a bushe. Amma ranar nan a durƙushe gaban durowar shara ta yi kuka, har shugabansu ya leƙo ya koma.

Daga baya autanta ya samu aiki a wani asibiti a wannan birnin, kuma wannan jirgin ne ya kai shi. Ya yi aure can, ya haihu. Duk kiran da zai yi sai ya ce, “Inna, ki zo mana. Awa goma sha ɗaya ce fa kawai.”

“Kawai? Kai ka san abin da awa goma sha ɗaya take yi wa mutum? Ni nake kwashewa.”

Gaskiyar magana tsoro take ji. Ta kwashe ledojin amai da yawa, ta ga kujerun da aka damƙe hannunsu har fata ta yage. Ban da haka, a ranta birnin can ƙarshen duniya ne, ba wurin da mutum ke tashi haka kawai ya je ba. Sai ta riƙa cewa baɗi. Baɗi ta zo, ta ce in an yi hutu. Auta ya riƙa kawo yaran suna ganinta, sai uzurin ya ƙara ƙarfi. Ta taɓa ce masa ya je filin jirgin ya nemo mata mai ƙullin, ya yi dariya har da tari, ya ce filin can ya fi unguwarsu girma sau goma.

Tsufa kuma bai yi shawara da ita ba. Gwiwa ta fara, sannan yatsu. Gaɓoɓin suka kumbura suka sanƙare, musamman da safe. Ƙullin Ƙawata ta Can kuwa ga shi tamau kamar kullum. Gwaggo ta yi ta fama da farce, abu ya gagara. Yanka igiyar kuwa ba za ta yi ba, wannan cin fuska ne. Sai ta koma waige-waige, in ba mai kallonta ta kai igiyar baki ta kwance da haƙori. Igiyar ledar shara fa! Matar da ko cokalin wani ba ta sha da shi.

Ba a daɗe ba ta lura ƙullin can ya fara saki. Kunnuwan suna nan, amma da ka ja bakin igiyar sai ya warware salin-alin. Tausayi ya kama Gwaggo.

“Allah sarki, ƙawata ta tsufa,” ta ce wa abokan aiki. “Hannun nan mai ƙarfi ya mutu. Duniya ke nan.”

Daga ranar ita ma ta daina jan nata. Takan yi shi sako-sako don kada baiwar Allah ta wahala, in ta idar da salla kuma ta sa ta a addu'a, Allah ya ba hannunta lafiya. Haka suka yi ta yi, har aka fara yi wa Gwaggo maganar ritaya.

Wata safiya ta buɗe durowa ta tsaya cak. Kunnen zomo ne, sako-sako ne, amma kunnuwan sun kwanta ta ɗaya gefen. Wannan hannun dama ne. Ta ce wataƙila hutu ta tafi. Mako ya wuce, wata ya wuce, wasu watannin suka bi, hannun hagu bai dawo ba. Gwaggo ta rage surutu, abinci ma sai ta tsakura. Abin da ke cin ta ɗaya ne: ko matar nan tana raye, ko kuwa ta tafi ba su taɓa haɗa ido ba?

Ranar da aka yi mata ritaya aka ba ta agogon bango da takardar yabo. Tana isa gida ta kira Auta.

“Turo tikitin.”

Ya ce, “Inna, ke ce kuwa?”

“A'a, maƙwabciya ce. Ka ce a ba ni kujerar can baya. Kuma ka ce ina son keken da ake tura marasa lafiya.”

Nan ne ya tsorata. Matar da likita ya ba sanda ta mai da ita abin kakkaɓe yanar gizo-gizo, yau ita ke neman a tura ta a keke? Ya dage sai ta gaya masa abin da ke damunta. Ta ce gwiwa ce, kuma ba ƙarya ta yi ba. Abin da ba ta faɗa ba shi ne abin da duk mai sharar jirgi ya sani: masu jiran keke su ake fitarwa a ƙarshe, kuma sau tari kafin keken ya iso, masu shara sun riga sun shigo.

Aka yi ta zirga-zirgar fasfo da biza har aka gama. Ranar tafiya, tsofaffin abokan aikinta ne suka share jirgin, suka kuma tsaya a ƙasa suna ɗaga mata tsintsiya ta taga. Sarkin Tire ya tarbe ta a bakin ƙofa ya rusuna har ƙasa.

“Ranki ya daɗe, yau kuma baƙuwa a gidanki?”

“Ka dai kawo mini shayin da zafinsa, na san inda kuke ɓoye mai kyau.”

Bakin ne kawai. Da jirgin ya ɗauki gudu ya ɗaga hanci, Gwaggo ta damƙe hannun kujera, ta karanto duk addu'ar da ta sani har da ta shiga kasuwa. Sai da ta ga mutane suna hira ta buɗe ido.

A bayan kujerar gabanta akwai ɗan talabijin, wanda ta goge irinsa ba adadi amma ba ta taɓa ganinsa a kunne ba. Ga taswira, ga ɗan jirgi yana rarrafe a kan shuɗin ruwa, ga lamba a gefe tana cewa saura kilomita dubu kaza. Ta zuba masa ido, kamar ba ya motsi. Da ta gaji sai ta koma kallon mutane suna ɓata mata jirgi. Wani ya zubar da shinkafa ya take da takalmi. Wata ta manna cingam a inda Gwaggo ta san za ta manna. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna yau ita fasinja ce. Can wajen awa ta shida ƙafarta ta kumbura, ta cire takalmi, ta cire safa, barci ya ɗauke ta baki buɗe. Da ta farka ta nemi safa ɗaya sama da ƙasa ba ta gani ba. Ta ce a ranta, Allah ya yafe mini zagin da na yi wa bayinsa.

Rana kuwa ta ƙi faɗuwa. Tun azahar suka tashi, ga shi an ci abinci sau biyu, har yanzu haske ne a taga. Sarkin Tire ya ce ranar suke bi, shi ya sa. Sai ga murya tana cewa a ɗaura bel, za a sauka.

Gwaggo ta ce, “Har mun zo?”

Ta yi lissafi a ranta. Daga fitowarta gida da asuba, ta yi aiki, ta jira mota, ta sha cunkoso ta koma, ai kusan haka take yi kowace rana. Ashe yinin aiki ɗaya ne tsakaninta da matar nan. Yini ɗaya! Wannan lissafin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

Fasinjoji suka fita. Jirgi ya yi tsit, irin shirun da ta saba da shi. Hannunta ya ninke bargo da kansa, ya gicciye bel ɗin kujerar kusa. Sarkin Tire, da ta riga ta gaya masa komai a hanya, ya tsaya kusa da ita ya ce motarsu ta jira yau. Sai ga su sun shigo ta ƙofar baya da rigunansu iri ɗaya da safar hannu. Gwaggo ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba tsohuwa a ciki. Wata mace da ba ta wuce sa'ar Auta ba ta nufi durowar kai tsaye, ta durƙusa, ta ciro ledojin. Ta tsaya tana jujjuya igiyar, don wadda ta gaji Gwaggo ta yi wani ƙulli ne na kawai.

Gwaggo ta yi gyaran murya. Ta kama bakin mayafinta, da yatsun nan nata masu ciwo ta yi ƙullin bakin buhu, ta ɗaga.

Matar ta kalli ƙullin, ta kalli hannun, ta kalli fuskar. Ledojin suka zube. Ta faɗi wata magana da sauri, ta dafe ƙirji.

“Ta ce ke ce,” in ji Sarkin Tire. “Ta ce ke ce matar can.”

“Tambaye ta ina bahaguwar.”

Ya tambaya. Matar ta cire safar hannu, ta ciro waya ta nuna hoto. Wata gajeriyar tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa, tana dariya da wushirya, ta riƙe kofi da hannun hagu. Matar ta yi magana a hankali, Sarkin Tire ya sunkuyar da kai kafin ya fassara.

“Mahaifiyarta ce, Gwaggo. Ta rasu bara. Kwana kaɗan ta yi a kwance.”

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta san haka tun ranar da kunnuwan suka juya, zuwa kawai ta yi a gaya mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallon wushiryar.

“Ka ce mata na san ta sha fama da hannu. Na ga yadda ƙullinta ya saki. Na yi ta yi mata addu'a.”

Da aka fassara, matar ta girgiza kai, ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki. Ta yi magana mai tsawo, tana nuna haƙoranta, tana nuna igiyar.

“Ta ce hannun mahaifiyarta lafiya lau yake har ta koma ga Allah. Kwalbar da ta gagari maza ita ake kai wa ta buɗe.” Sarkin Tire ya ci gaba da fassara. “Ta ce wata rana tsohuwar ta dawo gida ranta a ɓace, ta ce ta ga sawun haƙori a jikin igiyar. Ta ce matar can yatsunta sun gaza, da baki take kwancewa, ni kuma ina ta ja mata kamar muguwa. Tun daga ranar ta daina ja. Da ta kwanta ciwo, ita wannan ta karɓi aikin, abin da uwar ta ce mata shi ne, ki yi kunne biyu, amma kada ki ja.”

Gwaggo ta kalli yatsunta. Shekaru tana tausayin mutum, ashe ita ake tausayi. Kukan da ta riƙe tun daga gida ya ƙwace, ba ta ko rufe fuska ba. Matar ta durƙusa a gabanta ta kama hannayen nan masu kumburi tana murzawa a hankali, tana wata magana da ba wanda ya fassara.

Mai keke ya iso ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo. Gwaggo ta san lokacin masu shara ba nasu ba ne, kada ta jawo wa yarinya faɗa. Ta miƙa hannu aka ba ta igiyar da ledojin. Ta naɗa, ta zagayo, amma wajen ƙarshe yatsun suka ƙi. Matar ta sa yatsa ɗaya ta danne tsakiyar, Gwaggo ta ƙarasa. Bakin buhu ne, sako-sako.

A waje Auta yana tsaye da matarsa da yara, sun riƙe furanni. Ya rugo ya durƙusa gaban keken, ya ga idonta ja, ya ga ƙafa ɗaya ba safa.

“Sannu Inna, sannu da hanya. Kin sha wuya ko? Na gaya miki fa da ɗan nisa.”

Gwaggo ta share fuska da bakin mayafi, ƙullin yana nan a jikinsa ba ta kwance ba.

“Ba nisa, Auta,” ta ce. “Ni ce ban taso da wuri ba.”